Wandon Jins na Hawa Babur: Yadda Ake Zaɓensa

Idan mahayi ya faɗo daga kan babur, ba nan take yake tsayawa ba. Sai ya yi ta darzar kwalta har ƙarfin gudunsa ya ƙare. Wannan guga ita ke haifar da zafi, ta kuma cinye tufa. Idan gudu ya ninka sau 2, ƙarfin nan ninkawa yake yi sau 4. Shi ya sa jins na auduga zalla, komai kaurinsa, yake yagewa nan da nan.

Wandon da aka ɗinka musamman domin babur akan yi masa shafi da zaren Kevlar, wanda Stephanie Kwolek ta gano a kamfanin DuPont na Amurka a 1965. Zaren yana jure guga, kuma ba ya narkewa ya manne wa fata kamar nailan. Sai dai bai hana ƙashi buguwa ba. Wannan aikin kushin ne da ake cusawa a gwiwa da ƙugu.

A Turai, ƙa'idar EN 17092 ta 2020 ta kasa waɗannan tufafi aji-aji: AAA ya fi kariya, sai AA, sannan A. Amma yawancin masu ajin AAA sun fi nauyi da zafi, abin dubawa ga mai hawa a bazara. Ga zirga-zirgar cikin gari, AA mai shan iska ya fi dacewa.

Wajen gwaji, a zaune ake auna wandon, gwiwa a lanƙwashe kamar ana bisa babur. In kushin ya goce daga kan ƙoƙon gwiwa, ko wandon ya yi burum, sai a nemi wani.