Yadda Ake Wuce Motar da Ta Tsaya a Gefen Titi

Direban da ya saba ɗauko fasinja daga Tozai ya fito Illela, sa'an nan ya miƙa kudu ta Gwadabawa da Kware har Sakkwato, ya san da wuya a gama wannan tafiya ba a tarar da wata mota tsaye a gefen kwalta ba, ko tirela ce ta yi faci, ko motar asibiti tana kwasar waɗanda suka yi haɗari, ko kuwa ma'aikatan Hukumar Kiyaye Haɗurra, wadda aka kafa a 1988, suna bakin aikinsu. Kowace irin mota ce, akwai ɗan Adam a jikinta, galibi yaron mota ne kwance ƙarƙashinta, ƙafafunsa sun leƙo kan kwalta, hankalinsa yana ga jak.

A Amurka an mayar da yadda ake wuce irin wannan mota doka. Jihar Karolina ta Kudu ce ta fara a 1996, bayan mota ta buge wani ma'aikacin ceto yana tsakiyar aiki, daga baya dukan jihohin 50 suka bi sahu, hukuncin kuwa shi ne direba ya koma wani layi, in ba hali ya rage gudu. Amma manyan titunansu masu layi da yawa ne, alhali namu galibi falle ɗaya ne, wanda duk ya kauce hagu ya shiga hannun masu tahowa, saboda haka a wurinmu rage gudu ne farilla, kaucewa tana biye da sharaɗinta.

Da zarar ka hangi fitila mai walƙiya, ko jar alamar nan mai kusurwa uku, ko ganyen da aka jera a kan kwalta, sai ka ɗage ƙafa daga totur tun daga nesa, ka dubi madubi, ka taɓa birki sau biyu ko uku a hankali domin na bayanka ya farga, ka sauko da giya. Wannan duban madubi ba abin rainawa ba ne, domin babbar mota mai lodi ba ta tsayawa nan take, wanda kuwa ya taka birki bagatatan a gabanta ya jawo musiba ta biyu kafin a gama da ta farko.

Bayan haka ka kunna sigina ta hagu, ka miƙa ido gaba. Idan hanya a sarari take, ka buɗe, ka bar tazarar da ko an buɗe ƙofar motar ba za ta same ka ba. Idan kuwa wata mota tana tahowa, ko wurin kwana ne, ko hazon hunturu ya rufe, to haƙuri ya wajaba: ka tsaya a baya har ta wuce, ko da fasinja suna gunaguni. A nan ne direbobi da dama suke kuskure, suna ganin ham ya ɗauke musu nauyi, alhali mutumin da ke ƙarƙashin mota ba ya iya tashi da gaggawa. Kada kuma ka ratse ta dama, inda 'yan kabu-kabu da masu jakuna da 'yan kallo suke bi. Da dare ka sauke fitila don kada ka dalle idon masu aikin.

Motar da ta taho a bayanka da jiniya hukuncinta daban ne: ka sa sigina ta dama, ka raɓe, ka bar ta ta wuce, kada ka bi ta a guje.

Ran da taka ce ta lalace, ka fitar da ita daga kwalta iyakar iyawa, ka kunna fitilun haɗari, ka ajiye alamar nesa a baya, ka sauke fasinja ta ƙofar dama su nisanci titi. In akwai mai rauni a kira 122, lambar Hukumar. Idan an gama gyara a kwashe ganye da duwatsun da aka tare taya da su, gama malamai sun lissafa gusar da abin cutarwa daga hanya cikin rassan imani, dutsen da aka bari kuwa mai babur ne zai ci karo da shi cikin duhu.