Kusurwar Kwamfuta: Me Ya Sa Fayil Ɗinka Ya Koma Fanko?

'Yan uwa ɗalibai masu koyon Python, ga kurakurai uku da ke yawan ɓata wa mai koyo aiki wajen buɗe fayil.

Na farko, harafin "w". Da zarar ka rubuta open("maki.txt", "w"), Python zai share duk abin da ke cikin fayil ɗin, tun kafin ka saka komai. Makin aji guda na iya salwanta a haka, kuma babu kwandon shara da za ka tono shi. Idan ƙari kake so a ƙarshe, sa "a". Idan karatu kawai, sa "r".

Na biyu, saƙon FileNotFoundError. Sau da yawa fayil ɗin yana nan, sai dai Python yana nemansa a wata folda daban. Rubuta import os, sannan print(os.getcwd()), ka ga inda yake dubawa. Duba sunan ma, domin Windows kan ɓoye ƙarshensa, sai ka tarar ainihin sunan maki.txt.txt ne.

Na uku, haruffanmu masu lanƙwasa: ƙ, ɗ da ɓ. A Windows, rubuta "ƙasa" cikin fayil kan jawo UnicodeEncodeError. Maganinsa shi ne ka ƙara encoding="utf-8" a cikin open.

Idan saƙon kuskure ya fito, fara karanta layinsa na ƙarshe, a nan sunan matsalar yake. Kuma kafin kowane gwaji, ka ajiye kwafin fayil ɗinka a gefe.