Ka Taka Fadamar Kafin Ka Lissafa Ruwanta

 Na ji daɗin aikin da ka zaɓa, na lissafa da kwamfuta yadda ruwan sama ke malala daga tudu zuwa ƙaramar fadama. Aiki ne mai amfani, domin da irin wannan lissafi ake yanke girman kwalbati da tsawon madatsa, da shi kuma ake gaya wa manomi ko shinkafarsa za ta kwana cikin ruwa. Shi ya sa nake so ka saurare ni da kyau.

Fara da lissafin da ba ya buƙatar na'ura. Ruwan sama milimita 1 a kan hekta 1 lita 10,000 ne. Idan ƙasar da ke zubo wa fadamarka ruwa hekta 50 ce, aka yi ruwa milimita 40, to lita miliyan 20 ta sauka. Nawa ƙasa ta sha, nawa ya gangara? In kashi ɗaya cikin goma ne ya gudu, lita miliyan 2 ke nan. In rabi ne, miliyan 10. Duk aikinka yana tsakanin waɗannan lambobi biyu, kuma kwamfuta ba ta san amsar ba sai abin da ka gaya mata game da ƙasar.

Manhajojin da ake koya muku, irin su SWAT da HEC-HMS, a Amurka aka gina su, kuma masu ilimi ne suka gina su. Ba na kushe su. Amma ka san asalin abin da ke hannunka. Teburin nan da ke ba kowace irin ƙasa lamba, daga mai shanye ruwa zuwa mai ƙin sha, hukumar kare ƙasar noma ta Amurka ce ta fitar da shi a shekarun 1950, daga awon da aka yi a gonakinsu. Hanyar tana duban jimillar ruwan da ya sauka, ba ta tambayar da wane ƙarfi ya sauka. A wurinmu kuwa nan maganar take. Hadarin da ya taso daga gabas ya juye milimita 40 cikin rabin awa, da mamakon da ya kwana yana zuba har ya kai milimita 40 ɗin, ba ruwa ɗaya ba ne. Na farko yakan cika rafi kafin a gama kwashe shanya. Na biyu ƙasa takan shanye mafi yawansa.

Ka kuma lura ruwa yana gudu ne saboda dalilai biyu mabambanta. A kan tudu, musamman inda ƙasa ta zama faƙo, ɗigon ruwa yana dukan ƙasar da ba ta da ciyawa, ya toshe ƙofofinta, ta yi ɓawo a sama. Daga nan ruwa ya riƙa zamewa kamar a kan kwanon rufi, alhali in ka tona da fartanya za ka tarar ƙarƙashin a bushe. A cikin fadama kuwa, idan marka ta kama a watan Agusta, laka ta ƙoshi, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso har kusa da sama, ko yayyafi aka yi ba shi da wurin shiga. Manhajar da ta san dalili ɗaya kawai za ta iya yin daidai a watan Yuni ta yi kuskure a Agusta. Akwai kuma ruwan da ba a gani, wanda jigawa ke sha ya riƙa tsatstsafowa a hankali zuwa kwari. Shi ne masu noman rani ke ja da injin ban ruwa a watan Janairu. In ka manta da shi, ka manta da albasa da tumatir na mutane.

Akwai wani darasi daga Nijar da nake so ya zauna maka a rai. A lokacin farin shekarun 1970 da 1980, ruwan sama ya ragu ƙwarai a yankin Sahel. Kowa zai zaci koguna ma za su ragu. Sai masu awo suka ga akasin haka: kogunan Sirba da Gorouol da Dargol, masu zuba a kogin Kwara kafin ya iso Yamai, ruwansu ƙaruwa ya yi. A gabashin Yamai ma ruwan rijiyoyi ya riƙa tasowa, domin ruwan da ke gudu daga gonaki yana taruwa a tafkuna ya nutse daga can. Dalili shi ne an sare daji, an daina barin gona ta huta, ƙasa ta yi ɓawo. Ba daga manhaja aka fara gano wannan ba. Mutanen da suka yi shekaru suna karanta ma'auni a bakin kogi, da a ƙananan kwaruruka irin na Wankama, su ne suka gano shi. Saboda haka lambar da ta dace da fadama shekara talatin da suka wuce ba lallai ta dace da ita yau ba. Ka tambayi dattawan wurin: ina ne da can yake kurmi, yaushe kwazazzabon nan ya buɗe?

A yankin Yamai ɗin dai, a farkon shekarun 1990, an kafa ma'aunan ruwan sama kimanin 100, aka ga yadda ƙauyuka biyu maƙwabta kan sami damina daban. Manomi ya daɗe da sanin haka. Ya sha ganin an yi ruwa a gonar wani an tsallake tasa. To kada ka ɗauko alƙaluman tashar da ke filin jirgin sama, mai nisan kilomita 40, ka ce su ne ruwan fadamarka. Ƙiyasin tauraron ɗan'adam yana taimakawa, amma shi ma yakan haɗa fili mai faɗin kilomita da yawa ya ba shi lamba ɗaya.

Sai maganar shimfiɗar ƙasa, wadda ta fi damuna. Taswirar tudu da kwari da kuke saukewa kyauta daga intanet, wadda kumbon Amurka ya ɗauka a shekarar 2000, tana ba kowane fili mai mita 30 tsawo ɗaya, kuma kuskurenta kan kai mitoci. A ƙasar duwatsu wannan ba wata matsala ba ce. A fadama kuwa, taƙi biyu na tudu ya isa ya juya ruwa. Kunyar da manomi ya ja, da hanyar shanu, da titin da aka cika da jar ƙasa, da kwalbatin da yashi ya toshe, su ne ke nuna wa ruwa hanya, kuma babu ɗayansu a taswirar. Dubi abin da ya faru a fadamun Hadeja da Nguru bayan gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992: ruwa ya daina ƙafewa da rani a wasu hanyoyin, kacala ta cika su, ruwa ya kauce ya cinye gonaki a wani ɓangare ya bar wani ɓangaren da ƙishi. Idan ciyawa ta karkatar da babban kogi, ina ga koramar da yaro ke tsallakewa?

Don haka ka je ranar da ake ruwa, ko da asubar da ta biyo baya. Ka bi sawun ruwan da ƙafarka daga saman tudu har mafita. Ka duba tarkacen da ya maƙale a jikin giginya ko katanga, shi zai nuna maka iyakar da ambaliya ta kai. Ka gaishe da mai unguwa da sarkin noma kafin ka kafa komai, ka yi musu bayani da Hausa. Wanda ka ɗora wa karanta ma'auni kowace safiya, ka biya shi haƙƙinsa, ka kuma sa sunansa a godiyarka.

Idan ka zo daidaita manhajar, kada ka yi ta murɗa lambobi har layin kwamfuta ya hau kan layin awo sannan ka ce ka gama. Da yawan murɗawa kowace manhaja za ta yi kama da gaskiya. Ka raba abin da ka auna gida biyu, ka daidaita da ɗaya, ka jarraba da wanda manhajar ba ta taɓa gani ba. Abin da ya fito, mai daɗi ko mara daɗi, shi za ka rubuta. In kuma injiniya ya nemi amsa, ka ba shi mafi ƙaranci da mafi yawa, ka faɗa masa damina nawa ka auna, don ya san nauyin da zai ɗora wa maganarka.

Kayan farawa ba su da tsada: ma'aunan ruwan sama uku ko huɗu a warwatse a tudu da kwari, sanda mai fenti da aka kafe a bakin kwalbati, agogo, da littafi mai bango mai ƙarfi. Ka kafa su tun watan Afrilu, domin ruwan farko da ke sauka a kan busasshiyar ƙasa yana cikin waɗanda ka fi buƙatar aunawa. Ka bar kwafin littafin a hannun malamin gona na yankin, saboda wanda zai zo bayanka ya ɗora daga inda ka tsaya.