Bel da Jakar Iska a Tsohuwar Mota: Jagora ga Sabon Zuwa Amurka

Akasarin waɗanda suka sauka Amurka, da tsohuwar mota suke fara hawa titi, domin ita aljihu ke iya ɗauka. Mai saye yakan saurari ƙarar inji, ya gwada giya, ya leƙa taya, amma da wuya ya waiwayi bel da jakar iska, alhali suna cikin abubuwan da masu tsofaffin motoci ke kai kuka a kansu ga NHTSA, hukumar da ke kula da ingancin motoci a ƙasar.

Babbar matsalar ita ce ta jakunkunan kamfanin Takata na Japan. A cikin sitiyari, da kuma gaban kujerar fasinja, akwai ɗan gwangwanin ƙarfe mai ɗauke da sinadarin da ke hura jakar idan aka yi karo. Takata ya yi amfani da amoniyam nitiret, sinadarin da zafi da laima ke lalatawa a hankali. Bayan shekaru, maimakon ya hura jakar kawai, sai ya fashe gwangwanin, ɓarɓashin ƙarfe ya watsu a fuska da wuyan wanda ke zaune. Ƙaramin karo da ba zai wuce lotsewar bamba ba, ya isa ya yi kisa. Mutum fiye da 25 sun rasa rayukansu ta haka a Amurka kaɗai. An yi kiranyen jakunkuna kusan miliyan 67 daga kamfanonin mota 19 domin a gyara, shi kuwa Takata ya durƙushe a 2017. Wasu motocin Honda da Acura ƙirar 2001 zuwa 2003 haɗarinsu ya kai an ce kada a tuƙa su ko zuwa gareji, sai dai a ja su.

Gyaran kyauta ne a wurin dilan kamfanin, ko da motar ta ratsa hannu biyar. Matsalar ita ce wasiƙar kiranye takan tafi adireshin tsohon mai motar, kuma dokar tarayya ba ta hana mai sayar da tsohuwar mota sayar da ita da gyaran da ba a yi ba. Saboda haka nauyin bincike a wuyan mai saye yake. Kowace mota tana da lambar shaida mai haruffa da alƙaluma 17, wadda ake kira VIN, a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba. Idan aka shigar da ita a shafin NHTSA na intanet, nan take zai nuna ko akwai gyaran da ke jira. Kafin a biya kuɗi ake yin wannan.

Sai fitilar dashbod mai alamar SRS ko hoton mutum da ƙwallo a gabansa. Idan aka murɗa makulli, ya kamata ta kama na 'yan daƙiƙoƙi sannan ta mutu. In ta ci gaba da ci, jakar na iya ƙin buɗewa ranar buƙata. In kuwa ba ta kama ba sam, abin ya fi ban tsoro, don akwai masu cire ƙwan domin ɓoye laifi, musamman a motar da ta taɓa haɗari aka gyara ta da jabun jaka ko aka bar gurbin wayam. Takardar mallaka mai tambarin salvage alama ce ta irin wannan tarihi, kuma dalili ne na kai motar wurin amintaccen bakanike.

Bel ya fi sauƙin dubawa. A zaro shi har ƙarshe a ga ko ya zaizaye, a fizge shi da ƙarfi a ji ko zai cije, a soka bakinsa a ji ya ce ƙas. Wanda ya taɓa ɗaurewa a babban karo sauya shi ake yi. Jaka ba ta maye gurbinsa, tare aka ƙera su su yi aiki. Yara 'yan ƙasa da shekara 13 wurinsu kujerar baya.

Masu aika mota gida su kai ta gyara tun tana Amurka. Zafin Kano ko Zinder da laimar bakin teku a Legas da Kwatano su ne ainihin abin da ke gaggauta lalacewar sinadarin, kuma da zarar motar ta hau jirgin ruwa, wasiƙar kiranye ba za ta bi ta ba.