Ƙananan Halittun Cikin Ƙasa: Abokan Manomi a Lokacin Fari

Gabatarwa

A wannan maƙala zan yi tsokaci ne kan wasu ƙananan halittu da ke zaune cikin ƙasar gona, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Mu a Kauru, kudancin Jihar Kaduna, ba mu da ƙarancin ruwan sama irin na Katsina ko Sakkwato. Abin da ke damunmu shi ne ruwa ya ɗauke mako biyu ko uku bayan shuka, masara da waken suya su yi yaushi, har wani ya ci bashin iri ya sake shuka. A irin wannan lokaci ne halittun suke da rana.

Raizobiya

Idan mai karatu ya tuge waken suya ko gyaɗa, zai ga ƙananan ƙulle-ƙulle a jikin saiwa. Ba cuta ba ce, gidan wasu ƙwayoyi ne da ake kira raizobiya. Wani masani ɗan ƙasar Holan, Martinus Beijerinck, shi ya fara ware su a 1888. Kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa naitirojin ne, wato sinadarin da muke saye a buhun yuriya, amma shuka ba ta iya ɗaukarsa daga iska. Waɗannan ƙwayoyi su ke sarrafa mata shi, ita kuma ta ciyar da su. A fasa ƙulli ɗaya a duba: in cikinsa ja-ja ne, suna aiki, in fari ne ko kore, ba sa yi.

Maikoraiza

Ita kuwa dangin naman kaza ce, kuma tana hulɗa da galibin tsirrai, har da masara da dawa. Takan shiga cikin saiwa, sannan ta miƙa zare siriri cikin ƙasa zuwa lungunan da saiwa ba ta iya shiga, ta jawo danshi da sinadarin fosfaras. Saboda haka shukar da ke tare da ita takan fi jure ƙishirwa.

Yadda ake amfani da su a Nijeriya

Cibiyar IITA da ke Ibadan tana haɗa garin raizobiya na waken suya mai suna Nodumax, kuma shirin N2Africa, wanda ya gudana daga 2009 zuwa 2019, ya yaɗa wannan dabara a jihohi da dama, ciki har da Kaduna. Ana ɗan jiƙa iri da ruwan ƙaro, a zuba garin a cakuɗa, a shanya a inuwa, a shuka a ranar. Kada a bar shi a rana, domin zafi na kashe ƙwayoyin.

Sai dai ina jan hankali: waɗannan halittu ba su maye gurbin ruwan sama. Idan fari ya tsananta, su ma aikinsu yakan tsaya. Amfaninsu shi ne shuka ta yi ƙarfi da saiwa mai kyau tun da wuri, ta iya jira har ruwa ya dawo.

Kammalawa

A ganina, kafin manomi ya nemi na saye, ya fara kare waɗanda ke gonarsa. Ƙona kara da ciyawa na cinye abincinsu, ya bar ƙasa tsirara ta bushe da sauri. Takin gida, da barin karmami ya ruɓe a gona, da shuka masara bana inda aka yi waken suya bara, duk suna raya su. Mu ɗaliban Hausa kuma aikinmu shi ne mu kai wannan ilimi ƙauye cikin harshen da manomi yake ji. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.