Darasin Kimiyya: Agwagin Daji da Dabarun Ɗaukar Hotonsu

Manufa: ɗalibi ya san agwagin da ke sauka a fadamun yankin Jega, ya kuma fahimci yadda haske da iska ke gyara hoto ko ɓata shi.

1. Me ke tara su?

Idan damina ta ɗauke a watan Oktoba, Gulbin Zamfara da ke ratsawa ta Jega yakan ja baya, ya bar tafkuna cike da tsabar ciyawa, ragowar shinkafa da ƙwari. Wannan abincin ne ke janyo tsuntsaye. Kirinjijiya mai farar fuska 'yar gida ce, haka ma dinya. Amma ƙaramar agwagwar da masana ke kira Spatula querquedula daga Turai da Rasha take tasowa, ta ƙetare Sahara, ta zauna har wajen watan Maris. Da kaka namijinta kamar macen yake. Sai tafiya ta kusa farin layin saman idonsa ke fitowa sosai.

2. Me ya sa ba sa jiƙewa?

A gindin wutsiyar agwagwa akwai wata 'yar jaka mai fitar da maiƙo. Da baki take lakato shi tana shafe gashinta, shi ya sa ruwa ke gangarewa. Lokacin wannan gyaran jiki ta fi natsuwa, hotonta kuma ya fi sauƙin ɗauka.

3. Haske, sauri da iska

Kyamara haske take kamawa. A fita da sassafe, rana tana bayan mai ɗauka, domin da tsakar rana ƙyallin ruwa kan dushe launi. Idan tsuntsu na tashi, ƙofar hasken kyamara ta buɗe ta rufe cikin kashi 1 bisa 1000 na daƙiƙa, in ba haka ba fukafukan su fito dishi-dishi. Agwagi kan fuskanci iska in za su tashi, saboda haka wanda iska ke bugun bayansa fuskokinsu zai samu.

A sa tufafi marasa ƙyalli, a zauna cikin ciyawa, kada a kore su. Baƙuwar da ta yi tafiyar dubban kilomita tana buƙatar kitsen komawa, kuma kowane firgici yana rage shi.

Aikin gida

a. Kawo dalili biyu da suka sa fadama ke cika da agwagi da kaka.
b. Iska na kaɗowa daga gabas da safe, rana ma tana gabas. A wane gefen tafki za ka zauna? Bayyana dalilinka.