SHANYEWAR JIKI DA KE FAROWA DAGA ƘEYA

Jama'ar Anka, Gummi da Bukkuyum, ku lura! Akwai shanyewar jiki da ba ta kashe hannu ko ƙafa. Jijiyar jini ce ke toshewa a gindin ƙwaƙwalwa, wajen ƙeya.

ALAMUNTA, FARAT ƊAYA:
1. Jiri mai tsanani da amai, mutum na tangaɗi gefe guda.
2. Murya ta dushe, ya riƙa ƙwarewa in ya sha ruwa.
3. Shaƙuwa mai naci.
4. Fatar ido ɗaya ta sauko.
5. Ɓarin fuska ya daina jin zafi ko sanyi, haka ɗaya ɓarin na jiki.

ME KE KAWO TA?
Hawan jini, ciwon suga, shan taba, ko rauni a wuya. Gubar dalma, wadda ta ɓulla a Anka da Bukkuyum a 2010, ita ma tana tada hawan jini.

ABIN YI:
Ba iska ba ce. Kada ka ba shi ruwa, kunu ko rubutu, sai ya zarce huhu. Kwantar da shi ta gefe, garzaya da shi babban asibiti nan take, kada a jira gari ya waye.

Kai ma zo a auna jininka yau.